An sace mini kaya sau biyu a ƙofar gida: kyamara zan saya ko akwai abin da ya fi ta?

Tambaya: Ina yawan sayen kaya ta intanet, kuma ni da maiɗakina duk muna fita aiki tun safe sai yamma. Sau biyu ke nan ana turo mini saƙo cewa an ajiye kayana a ƙofa, in dawo in tarar wayam. Ina tunanin sayen ƙararrawar ƙofa mai kyamara. Za ta magance matsalar kuwa?

Amsa: Allah ya mayar maka da alheri, Malam. Kyamara tana da amfaninta, kuma za mu zo kanta, amma idan kuɗin da ka ware na abu ɗaya ne, kada ka fara da ita. Aikin kyamara tara shaida ne. Za ta nuna maka mutum da hula da takunkumi ya shigo, ya sunkuya, ya yi wuf da kwalin, ya juya, duka cikin 'yan daƙiƙu, kai kuwa kana wurin aiki kana kallo a waya. Ihu bayan hari ke nan. Abin da ke hana satar shi ne kayan su daina zama a fili na tsawon awanni ba mai tsaro, don haka can ya kamata kuɗinka da hankalinka su fara zuwa.

Kafin komai, ka tabbatar sata ce. Ba duk kayan da ya ɓace ne aka sace ba. Wani lokaci ɗan aike ya kai shi gida mai lamba irin taka a layin gaba, wani lokaci kuma yana danna alamar an kai tun kafin ya iso, saboda lokaci ya ƙure masa, sai washegari kayan su zo. Idan kamfanin yana turo hoton inda aka ajiye, ka buɗe hoton ka dube shi da kyau: launin ƙofar, tayil ɗin ƙasa, abin goge ƙafa. In ba naka ba ne, matsalarka ta adireshi ce, kuma maganinta mai sauƙi ne. Ka sa lambar gida mai tsawon aƙalla santimita 10, da launin da ya bambanta da na bango, a inda mai mota zai gan ta daga titi ko da dare, sannan ka gyara alamar gidanka a taswirar manhajar kamfanin. Na'urar hannun 'yan aike a manyan kamfanoni tana riƙe wurin da aka tsaya lokacin da aka danna an kai, saboda haka kana iya roƙon su duba maka.

To, a ce sata ce. Mai irin wannan sata yawanci ba mai fasa gida ba ne, ba ya yawo da kayan aiki. Ko dai mai wucewa ne ya ga banza ta faɗi, ko kuma wanda ke bin motar rabon kaya a baya, yana jira ta sha kwana ya tsaya. Wani masanin laifuka a Amurka, Ben Stickle, shi da abokan aikinsa sun wallafa nazari a 2020 bayan sun bi bidiyoyin irin wannan sata ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da ya yi ta maimaituwa shi ne satar da rana ake yi, kayan ana hango su daga titi, ƙofar kuma kusa da hanya take. Wannan ya nuna maka abu uku da ɓarawon ke dogara da su: lokacin da kayan suka yi a waje, ganin da ake musu daga nesa, da sauƙin ɗauka. Fitila mai kunna kanta da motsi, wadda mutane da yawa ke fara saye, ba ta taɓa ko ɗaya daga cikin ukun ba idan da hantsi ake kawo maka kaya.

Rage lokaci shi ne mafi arha. Ka kunna sanarwa a manhajar kamfanin jigilar kansa, ban da ta shagon da ka yi sayayya, domin ta shagon takan makara. Kamfanin jigila na UPS na da tsarin My Choice, na FedEx na da Delivery Manager, kuma yawancin manyan kamfanoni na da makamancin haka, inda za ka iya canza rana, ko ka karkatar da kayan zuwa wani adireshi, ko ka ce a riƙe maka a ofishinsu. Idan shagon ya ba ka zaɓin rana, ka tara sayayyar mako ta zo rana ɗaya da ka san akwai mutum a gida. Idan wurin aikinka ya yarda, a kai maka can, amma ka tambaya tukuna, don wasu ma'aikatu ba sa karɓar kayan ma'aikata, wasu kuma sai sun buɗe duk abin da ya shigo. Maƙwabcin da ke yini a gida shi ma mafita ne, da sharaɗin ka nemi yardarsa tun farko kuma ka rubuta lambar gidansa a umarnin da kake bar wa ɗan aike. Sai dai ka sani, da zarar kai ka ambaci sunansa, miƙa masa kayan daidai yake da miƙa maka a wurin kamfani.

Ga mutum irinka da gida ke zama ba kowa, abin da ya fi komai tabbas shi ne kayan kada ma su zo ƙofar. Akwai loka ta ajiyar kaya da kamfanoni ke kafawa a shaguna, gidajen mai da tashoshi. DHL ta fara nata a Jamus tun 2001, Amazon ta fara a 2011, InPost kuma ta cika Poland da su. Ɗan aike ya saka kayan a ɗaki ɗaya ya rufe, a turo maka lamba, ka je ka buɗe lokacin da ka tashi daga aiki. Abu biyu ne ke ba mutane matsala da ita. Na farko wa'adi: a ta Amazon kwana 3 ne, in ba ka ɗauka ba a mayar wa mai shago. Na biyu girma: kwalin da ya wuce ɗakin loka ba zai shiga ba, shi ya sa wani lokaci zaɓin ba ya fitowa sam a shafin biyan kuɗi. Ga manyan kaya sai ka zaɓi shagon karɓar kaya, ka tafi da katin shaida mai suna daidai da wanda ke jikin kwalin. In ka rubuta laƙabi ko sunan maiɗakinka a oda, mai shagon yana da hujjar hana ka.

Kaya masu tsada kamar waya da kwamfuta kuwa, ka nemi a sa sharaɗin sa hannu ko lambar sirri ta amfani sau ɗaya. A nan mutane ke cutar kansu ta hanya biyu. Manhajoji da yawa suna ba ka damar sa hannu tun kafin kayan su iso, wato ka ce a ajiye ko ba ka nan. Danna wannan yana da daɗi, amma ka yafe kariyar da aka biya kuɗi dominta ke nan, kuma idan kayan suka ɓace za a nuna maka izinin da ka bayar da hannunka. Ita kuma lambar sirri, ba a faɗa wa kowa ita ta waya. Sai kwalin ya zo hannunka, ka duba salatif ɗinsa ba a yanke an sake liƙawa ba, ka ji nauyinsa ya yi daidai da abin da ka saya, sannan ka karanta lambar. Duk wanda ya kira ya ce yana hanya, ka ba shi lambar don ya rage lokaci, to da walakin. Haka saƙon tes da ke cewa kayanka sun maƙale sai ka biya 'yan kuɗi ta wani adireshin intanet: kada ka taɓa, ka shiga manhajar kamfanin da kanka ka duba. Kuma kada ka riƙa saka hoton rasit ko lambar bin sawun kaya a kafafen sada zumunta, domin wanda ya samu lambar ya san ranar da kayan za su iso.

Duk da haka akwai kayan da dole su zo gida, kuma a nan ne nake ganin ya dace kuɗin kyamarar nan ya tafi: akwatin ajiyar kaya mai kulle a ƙofar gida. Iri uku ne, kowanne da aibinsa.

Mafi sauƙi shi ne akwati mai murfi da kwaɗo da kake bari a buɗe. Ɗan aike ya saka kaya, ya rufe, ya danna kwaɗon. Yana aiki sarai idan kunshi ɗaya kake samu a rana. Ranar da biyu suka zo, na biyun zai tarar a kulle, ya ɗora kwalin a kan murfi, ka ga an koma gidan jiya. Kwaɗon da aka bari a buɗe kuma yakan yi ƙafa, ko yaro ya kulle shi da wasa, don haka a ɗaure shi da gajeriyar sarƙa a jikin akwatin. Iri na biyu shi ne mai baki a sama da ke karɓa ba ya mayarwa: a buɗe murfi a ɗora kaya a kan faranti, a rufe, farantin ya karkata kayan su faɗa ɗakin ƙasa wanda kai kaɗai ke da makullinsa. Wannan yana karɓar kunshi da yawa a rana kuma ba ya buƙatar ɗan aike ya tuna komai, shi ya sa shi nake fifitawa ga yawancin gidaje. Aibinsa shi ne bakin ya fi cikin ƙanƙanta, saboda haka lokacin saye ka duba awon bakin, ka ƙyale awon akwatin gaba ɗaya. Kayan kuma faɗuwa suke yi kusan rabin mita, don haka ka shimfiɗa soso mai kaurin santimita 5 a ƙasa. Kafin ka biya, ka gwada shi kamar kai ne ɓarawon: ka buɗe murfin rabi, ka zura hannu, ka zura lanƙwasasshiyar waya. In ka iya taɓo ƙasan, wani ma zai iya. Mai kyau yana da farantin ƙarfe mai haƙora da ke toshe hanyar da zarar murfi ya fara buɗewa. Iri na uku mai makullin lantarki ne da ake danna lamba. Yana ɗaukar manyan kwalaye, amma lambar tana yawo a hannun mutane da yawa, don haka sai an riƙa canza ta kamar wata-wata, batirinsa yana mutuwa ba sallama, kuma makullin ko-ta-kwana da ke zuwa da shi a cikin gida ake ajiye shi. Za ka yi mamakin yawan masu barinsa a cikin akwatin.

Ko wanne ka zaɓa, ba a nan gizo ke saƙa ba. Akwatin da ba a kafe shi ba, ka tara wa ɓarawo kaya wuri ɗaya ne ka sa masa murfi. A kafe shi da noti huɗu masu kaurin milimita 10, irin masu buɗewa a cikin rami, su shiga kankare zurfin santimita 7 zuwa 8, kuma kawunansu su kasance a cikin ɗakin da ke kulle, ta yadda ba mai kwance su sai ya buɗe. A sa faffaɗan washa a ƙarƙashin kowanne, in ba haka ba idan aka girgiza akwatin da ƙarfi, ƙarfen ƙasan ne zai yage ya bar notin a tsaye. Ka lura da abin da kake hudawa. Bulo mai rami a ciki ba ya riƙe irin wannan noti, sai dai a huda bangon har ɗaya gefen a ɗaure da farantin ƙarfe ta ciki. Ƙananan duwatsun shimfiɗa da ake jerawa a tsakar gida su ma yaudara ne, domin akwatin zai tashi tare da dutsen da aka kafe shi a kai. In ƙasa ce zalla, a zuba kankare mai kaurin santimita 10, ya fi gindin akwatin faɗi kaɗan, a bar shi ya yi mako guda kafin a ɗaure. Idan gidan haya kake kuma mai gida bai yarda a huda ba, ka zura igiyar ƙarfe ta ramukan bayan akwatin ka zagaye ginshiƙi ko ƙarfen baranda, mahaɗin igiyar ya kasance a ciki. Bai kai noti ba, amma ya wuce ƙarfin mai wucewa da hannu biyu.

Jikin akwatin ya zama ƙarfe mai rufin hana tsatsa, kaurin milimita 1.2 zuwa 1.5. Wanda bai kai milimita 1 ba, sukundireba babba ta isa ta lanƙwasa bakinsa. Na roba ɓoyewa kawai yake yi, wanda shi ma wani abu ne, amma kada ka kira shi kulle. Idan mai walda zai ƙera maka, ka ce masa murfin ya sauko ya rufe bakin da santimita 2 zuwa 3 a kowane gefe, don kada a sami inda za a cusa ƙarfe a ɓalle, ruwan sama ma ba zai shiga ba. Mahaɗin murfin ya kasance ta ciki, ko a walde sandarsa yadda ba za a buge ta ta fita ba. Ƙarfen da ake rataya kwaɗo kada a ɗaure shi da ƙusa mai zare da ake kwancewa daga waje. Sau da yawa za ka ga kwaɗo mai tsada a rataye jikin ƙarfen da ƙusoshi huɗu ke riƙe da shi a fili. Wuyan kwaɗon, wato lanƙwasasshen ƙarfensa, ya kasance mai kaurin milimita 8 ko fiye. In mai lamba ne, ka ɗauki mai lamba huɗu: mai uku haɗi 1,000 ne kacal, mai haƙuri zai gama gwada su cikin ƙasa da awa ɗaya, mai huɗu kuwa 10,000 ne.

Sai ruwa, zafi da yara. A huda ƙananan ramuka huɗu a ƙasa, a ɗaga akwatin kamar santimita 3 daga daɓe, in ba haka ba ruwan da ya kwanta zai jiƙa gindin kwali. Akwatin ƙarfe a rana tanderu ne, kuma magani, batir da kayan shafa ba sa jure wannan, don haka a sa shi a inuwa, a yi masa fenti mai haske. Abin da ya fi waɗannan nauyi shi ne duk akwatin da yaro zai iya shiga, kuma yana kulle kansa idan an rufe, dole a yi masa abin buɗewa ta ciki da ramukan shan iska. Yara na wasan ɓuya, kuma akwati a ƙofar gida wuri ne da zai ja su.

Inda aka ajiye shi ma yana yanke hukuncin ko za a yi amfani da shi. Ɗan aike na babban kamfani yakan tsaya fiye da wuri ɗari a rana, ba shi da lokacin neman akwati a bayan gida. Ya kasance a kan hanyarsa, taku ɗaya ko biyu daga ƙofa, da rubutu babba a jiki: a saka kaya nan, a rufe. Umarnin da ke cikin manhaja shi ma jimla ɗaya ya isa, mai tsawo ba a karanta shi. Ka sa shi a manhajar kowane kamfani daban, domin abin da ka rubuta wa ɗaya, ɗayan bai gani ba. Idan gidanka mai katanga ne, mafi kyau duka shi ne a fasa katangar a gina akwatin a ciki, baki ta waje, ƙofar ɗauka ta cikin gida. In kuwa akwatin bai samu ba yanzu, aƙalla ka kawar da kayan daga ido: babbar tukunyar fure, benci mai rufaffen gaba, ko lungun da ke bayan ginshiƙi. Ka je tsallaken titi ka tsaya, ka sa wani ya ajiye kwali a wurin, ka duba ko kana hango shi, daga hagu da dama.

Yanzu kyamara. Tana korar mai ɗan tsoro, tana raba gardama tsakaninka da kamfani kan ko an kawo ko ba a kawo ba, kuma 'yan sanda sun fi sauraron mai bidiyo. Amma da yawa ana kafa su yadda ba sa kama komai. Ƙararrawa mai kyamara ana ɗaura ta a tsayin kusan mita 1.2, domin ta kama fuska daga ƙasan hula. Wadda aka maƙala can sama a ƙarƙashin rufi tsakar kai kawai take gani. Ka zaɓi wadda hotonta ke da tsawo daga sama zuwa ƙasa har tana ganin daɓen bakin ƙofa, domin mai faffaɗan hoto irin na talabijin ba ta ganin inda kayan suke. Mai batir barci take yi sai ta ji motsi, kuma na'urar jin motsin ta fi kama wanda ya gitta ta gefe a kan wanda ya nufo ta kai tsaye. Sakamakon haka, kafin ta farka ɓarawon ya riga ya juya, bidiyon da za ka samu na ƙeyarsa ne. Maganin shi ne a haɗa ta da wutar gida, ko a nemi mai ajiye 'yan daƙiƙun da suka gabaci motsi, ko a karkata ta kaɗan yadda mai shigowa zai gitta gabanta.

Kada yawan fiksel, wato ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto, da aka rubuta a kwali ya ruɗe ka. Ƙa'idar da masu harkar kyamarar tsaro ke bi ita ce kusan fiksel 250 a kowace mita idan ana son a gane fuskar baƙo. Kyamara mai fiksel 1,920 a faɗi tana ba da haka ne kawai idan faɗin wurin da take ɗauka bai wuce mita 7.7 ba. Ƙararrawar ƙofa kuwa ido gare ta mai buɗewa sosai, don haka mutum ya ɗan yi nisa da ita fuskarsa ta zama dusu-dusu, lambar mota a titi kuwa sai dai hasashe. In kana son lambar mota, sai kyamara ta biyu mai matsattsen ido da ke kallon wurin da mota ke tsayawa. Ka gwada da kanka da safe, da yamma lokacin da rana ke bayan mai shigowa, da kuma dare, domin farin bango kusa da kyamara yana mayar mata da haskenta ya makantar da ita. Ka tambaya ina bidiyon ke zama. Wasu ba sa ajiye komai sai kana biyan kuɗin wata, wasu suna da katin ajiya a ciki, wanda ke ci gaba da ɗauka ko intanet ta yanke. Wi-Fi a bakin ƙofa yakan yi rauni saboda bango, kuma zangon Wi-Fi na 2.4 GHz ya fi na 5 GHz ratsa gini. Ka daidaita agogonta, don bidiyo mai kwanan wata na bara ba ya taimakon kowa. Sannan ka rufe ɓangaren hoton da ke leƙa tagar maƙwabci ko tsakar gidansa. A wasu ƙasashe wannan maganar doka ce, a ko'ina kuma maganar zaman lafiya ce.

Idan gidan bene ne mai mazauna da yawa, matsalar takan kasance ƙofar shiga: wani ya bi bayan mazauni ya shige, ko lambar ƙofa ta shekara ba a canza ba. Nan sai an haɗa kai da mai kula da ginin, a ware ɗaki ko kabad mai kulle, a daina tara kwalaye a ƙasan matakala. Kwalayen da ka gama da su kuma, ka cire takardar suna da adireshi, ka yayyanka su kafin ka fitar. Kwalin talabijin a tsaye a bakin shara talla ce. In za ka yi tafiya, ka dakatar da odar da ke zuwa da kanta duk wata, don kwali uku a jere a ƙofa suna shaida wa kowa gidan ba mutane, kuma wannan ya fi asarar kwalin haɗari.

Game da biyun da suka riga suka ɓace, da duk wanda zai ɓace nan gaba, idan kana da kyamara, a ranar ka sauke bidiyon ka adana, domin katin ajiya yana goge tsoho ya ɗora sabo. Ka tambayi mutanen gida da maƙwabta, ka duba bayan shara da gefen gida, ka jira kwana ɗaya ko biyu ko an danna alamar an kai da wuri ne. Daga nan ka tuntuɓi wanda ya sayar maka, a rubuce, da lambar oda da lambar bin sawu. Shi ne ya ɗauki kamfanin jigila aiki, don haka yawanci shi ne ke da ikon neman diyya a wurinsu. Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Birtaniya, dokar haƙƙin masu saye ta 2015 ta ce kaya suna wuyan mai sayarwa har sai sun shiga hannun mai saye ko wanda shi ya ambata, kuma Tarayyar Turai na da irin wannan tanadi a dokar da ta zartar a 2011. Shi ya sa na ja kunnenka kan izinin a ajiye a waje: shi ne abin da mai shago zai fara kafa hujja da shi. Ka kai rahoto ga 'yan sanda ko da ba ka sa ran a kama kowa, saboda shago da kamfanin inshora sukan nemi lambar rahoton, kuma rahotanni da yawa daga unguwa ɗaya ne ke sa a waiwayi wurin. In mai shago ya ƙi, ka nemi bankin da ya ba ka kati ya shiga maganar, kuma kada ka yi jinkiri don akwai wa'adi. A PayPal, manhajar biyan kuɗi ta intanet, kwana 180 ne daga ranar biya. Idan waya ce aka sace, ka nemi mai shagon ya ba ka lambarta ta IMEI, wato lambar shaidar wayar mai lambobi 15, a haɗa da rahoto, domin a ƙasashe da yawa ana iya toshe ta a layukan sadarwa.

Bidiyon kuwa ka ba 'yan sanda da maƙwabta na kusa. Baza fuskar mutum a intanet da sunan ɓarawo yana da haɗari, don hoton dusu-dusu yana kama da mutane da yawa, kuma in aka afka wa wanda bai ji ba bai gani ba, kai za a nema. Haka batun tarko. Za ka ga masu ɗana kwalin bogi da abin fashewa ko sinadari mai ƙona fata; wanda zai ɗauka yana iya zama yaron maƙwabci, ko ɗan aiken da ya dawo gyara kuskure, kuma a dokokin ƙasashe da yawa ko ɓarawon ne ya ji rauni mai tarkon na da laifi. Ƙaramar na'urar bin sawu irin AirTag ba ta da wannan haɗarin, sai dai tana dogara ne da wayoyin da ke kusa da ita kafin ta faɗi inda take, kuma an ƙera ta yadda za ta sanar da wanda take biye da shi bayan wani lokaci. In ta nuna maka wani gida, ka ɗauki hoton taswirar da lokacin da ta nuna, ka haɗa da lambar rahotonka ka miƙa wa 'yan sanda. Kada ka je ƙwanƙwasa ƙofar da kanka.